Yatsu Huɗu a Gefen Hoto

Idan ka tambayi maƙwabtan Rif'at Shinnawi a garin Tanta na ƙasar Masar, za su ce maka mai shagon kwafin takardu ne kusa da jami'a, mai tabarau da ɗan tumbi, wanda injinsa ke cinye wa ɗalibai takarda duk ranar Allah. Iyakar saninsu ke nan. Amma akwai wani shafi a intanet inda mutane ke shiga su kalli shirye-shiryen talabijin da suka wuce su, kuma a can Rif'at babban mutum ne. Abu Salma suke kiransa, sunan da ya samo daga 'yarsa ta fari. Shekara goma sha biyu yana liƙa musu linki, kowane kashi na shiri da linki uku a ƙarƙashinsa, don in ɗaya ya mutu a danna na biyu. Ladansa shi ne addu'ar 'yan ci-rani daga Kuwaiti da Italiya, kuma wallahi addu'ar nan tana fasa masa kai fiye da yadda ya kamata.

Abin dariyar, shi ba ya kallo. Zai danna linki, hoto ya motsa, ya ƙirga goma, ya rufe, ya wuce na gaba. Dubban shirye-shirye sun bi ta hannunsa, bai san wa ya auri wa a cikinsu ba.

Kashi ɗaya tak yake zama ya kalla, shi ma ba don kansa ba. Mahaifinsa, Malam Sabri, mai raba shayi ne a wani gidan shayi a Alƙahira. Wata shekara masu ɗaukar shirin azumi suka zo suka yi fitowa ɗaya a wurin, suka ce ya ci gaba da aikinsa, kada ya kalli kyamara. A kashi na sha bakwai, minti na ashirin da uku, zai shigo ta gefen hagu da tire, ya ajiye kofi, ya goge hannu a rigarsa, sannan ya ɗago ya kalli kyamarar nan ƙuri, ya fita. Daƙiƙa goma sha ɗaya. Bayan shekara uku ya rasu, kuma ban da hoton katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar an kamo shi da laifi, wannan ne kaɗai abin da ya rage na siffarsa.

Wani bawan Allah ne ya kwafo shirin daga tsohon kaset ya ɗora, Rif'at ya tsinto shi. Tun daga ranar, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya hau bene na uku gidan mahaifiyarsa, Hajiya Zakiyya, ya ci shinkafa da miyar mulukiyya, wato lalo, ya buɗe mata kwamfuta a kan teburin cin abinci. Ita ba ta karatu, amma ta san minti na ashirin da uku kamar yadda ta san lokacin la'asar.

“Dube shi,” za ta ce, “yana riƙe tire kamar zai kai wa minista. A gida kuwa ko kofin da ya sha ba ya ɗagawa.”

“Umma, kin faɗa makon jiya.”

“To ya canja ne? Mayar da shi baya.”

Sau uku ake mayarwa, wani lokacin huɗu, sannan ta tashi ta ɗora shayi.

Masu liƙa linki suna da wata dabara. Kamfanonin da suka mallaki shirye-shirye suna da na'ura mai shinshinar kayansu, in ta gane hoto sai a goge shi. Don haka akan zuƙo hoton, a datse gefunansa huɗu, a manna tambari a kusurwa, sai na'urar ta wuce ba ta gane ba. Rif'at ya ƙware a wannan, har koyar da na baya yake yi, da ɗan taƙama. Shekara biyar da suka wuce, ana saura kwana biyu azumi, ya sauke tsohon shirin nan duka kashi talatin, ya saita ma'auni ɗaya, ya bar kwamfuta tana datsa ya tafi sayen burodi. Da ya dawo ya danna kowanne, ya ƙirga goma, ya ɗora. Sabbin shirye-shiryen azumi na tafe, cikin kwamfuta ya cika, sai ya goge na asalin. Bai ji komai ba, don linkin da yake buɗe wa Umma na wancan bawan Allah ne, kuma yana nan. A lissafin Rif'at, abin da kake da linkinsa naka ne.

Wata Juma'a ya danna, sai allo ya yi baƙi da ɗan rubutu a tsakiya: babu wannan bidiyon.

“Me ya ce?” in ji Hajiya.

“Layi ne ba kyau, Umma.”

“Layi lafiya lau. Yanzun nan ƙanwarka ta gama cika min kunne daga Jidda.”

Ya danna nasa linkin, wanda ya datse, ya ja zuwa minti na ashirin da uku, ya karkatar da kwamfutar gefensa. Ga jarumin shirin a zaune, ya cika allo da gashin baki. Daga hagu bakin tire ya leƙo, da yatsu huɗu, kofi ya sauka a tebur kamar aljani ne ya ajiye. A daidai wurin yatsun kuma ga tambari fari tas: Abu Salma. Ya rufe kwamfutar a hankali.

“Mako mai zuwa, Umma. Zan gyara.”

Ya fara da mai kaset ɗin. An rufe shafinsa gaba ɗaya, ba suna, ba lamba. Ya shiga duk wani shafin kallo da ya sani, na Masar da na Maroko da na Iraƙi, ya buɗe kashi na sha bakwai ya fi sau arba'in. Kowanne nasa ne. An kwafa daga wurinsa, wasu ma sun ƙara datsa a kan tasa sun manna tambarinsu. Aikinsa ya yi kyau har ya kori na asalin daga duniya, tun da shi kaɗai na'ura ta kasa ganewa.

Ya rubuta roƙo a shafinsu, karo na farko a shekara goma sha biyu da Abu Salma ya nemi wani abu. Kafin la'asar amsa ta fi ɗari. Kowa ya turo masa linki da murnar yau ya yi wa maigida rana, kuma duk linkin nasa ne suka dawo masa da shi. Wani daga Milano ya rubuta: “Ranka ya daɗe, kai da ka ba mu, mu za mu ba ka?”

Ya kai kwamfutar wurin abokinsa Midhat mai gyara. Midhat ya saurara yana tauna sanwicin ta'amiyya, ƙosan mutanen Masar.

“Yaushe ka goge?”

“Shekara biyar.”

“Shekara biyar. Ka ɗora azumi biyar a kansa, Abu Salma. Ko kabari ne ai an bizne wani a ciki.” Ya ga fuskar Rif'at, ya ajiye sanwicin. “Yi haƙuri, ɗan'uwa, baki ne. Amma babu shi. Ba zan yi maka ƙarya ba.”

Ranar Talata ya rufe shago ya hau jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, da adireshin kamfanin da ya yi shirin a aljihu. Ya tarar da asibitin haƙori a wurin. Mai gadin ginin ya ce ya tuna su, mai kamfanin ya rasu, 'ya'yansa suna ƙasar waje, kaset-kaset kuwa an loda su a mota wata rana da rani, bai tambayi ina za a kai su ba. Rif'at ya tsaya a bakin titi, motoci na ta ihu, ya rasa wanda zai ƙara tambaya. Shi da ke samo wa mutanen da bai taɓa gani ba shirin da suka manta sunansa.

Juma'a uku yana kawo uzuri. A ta huɗu Hajiya ta ɗauke farantinsa tun bai gama ba.

“Rif'at, ni ba yarinya ba ce. Buɗe min abin da kake ɓoyewa.”

Ya buɗe. Ta gyara zama, ta kalli jarumin da gashin bakinsa, ta jira. Tire ya leƙo. Sai ta sunkuyo, ta karkata kai dama tana leƙen gefen hagu na allon, kamar mai leƙa taga don ganin wanda ya tsaya a jikin bango. Rif'at ya kawar da ido. Da ta zage shi ma ya fi masa sauƙi.

“An yanke shi,” ta ce.

“E, Umma.”

“Ba za a iya turo shi ciki ba?”

“Ba za a iya ba.”

“Wa ya yi?”

Ta sa yatsa a kan farin tambarin.

“Wannan rubutun da ya zauna masa a hannu, sunan mai yankan ne?”

“E.”

“Karanta min. Ina so in san wanda zan kai ƙara wurin Allah.”

Zai iya cewa rubutun ya yi ƙanƙanta, ko ya ƙirƙiro wani suna, ba za ta taɓa sani ba. Amma ya gaji, kuma yatsanta na kan wurin.

“Abu Salma,” ya ce.

Hajiya Zakiyya ba ta juyo ba. Daga ƙasa ana jin mai tallan gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, har ya wuce layin. Ta janye yatsanta ta goge a zaninta.

“Babban yatsan ma babu,” ta ce. “A nan yake da tabon ƙuna.”

“Umma…”

“Mayar da shi baya.”

Ya mayar. Tire ya leƙo, da yatsu huɗu, da sunansa a kansu. Ta sake karkata kai.