Bindiga ta Shida

Abin da na kusa rasawa a ranar ba shi da wuyar ƙirgawa: shago ɗaya a Sabon Gari da na yi shekara goma sha tara ina ginawa, 'yancina, da 'yancin wata ɗaliba wadda laifinta kawai ta yarda da ni.

Tsofaffin kayan soja nake sayarwa. Lambobin yabo, hular kwano, bel, akwatin ƙarfe. Masu tara kayan tarihi su saya, 'yan wasan kwaikwayo na Samaru su karɓi haya. Bindiga kuwa matacciya kaɗai nake taɓawa, irin wadda aka toshe wa bututu aka bi da walda don koyon fareti.

Guda shida na sayo daga siton wata tsohuwar makaranta da ta daina yi wa yara fareti. Na duba su yadda na saba. Lambar jiki ta dace da ta sakata? Katakon na asali ne, ko wani kafinta ya sake? Tambarin kambi yana nan? Biyar kowace da ciwonta, ga farin fenti an zagaya musu a ƙota. Ta shida ba abin da aka taɓa mata. Lambobi sun dace, katako ya yi duhu da hannun mutane, babu fenti. Don murna har na ninka mata kuɗi. Bakin uku na farko kawai na leƙa, na ga toshe, na ɗauka duk haka suke.

Ɗalibar, wadda ke shirya wani wasa a kan sojojin da, ta shidan ta zaɓa.

"Alhaji, wannan nake so. Sauran kamar an yi musu kwalliyar sallah."

Na naɗe mata a buhu, ta shiga keke ta tafi.

Washegari da hantsi Baba Saje ya zo. Tsohon soja ne ɗan kudancin Kaduna, yana zaune a Muchia, yakan biyo ya sha shayi ya kushe mini kaya. Na nuna masa biyar ɗin ina taƙama, na ce ai mai kyan ta fita haya, ko fenti babu a jikinta.

Ya ajiye kofi.

"Ɗana, ka ce babu fenti?"

"Fes take, Baba."

"Kai ɗan kasuwa ne ko ɗan yawon buɗe ido? Fentin nan shi ne takardar mutuwarta. Wadda ba a shafa wa ba, ka leƙa bakinta?"

Ni da nake neman wadda ba a taɓa ba, na manta cewa wadda ba a taɓa ba rayayya ce.

Na kira ɗalibar sau huɗu, ba ta ɗauka ba. Na hau acaɓa. Tun daga Sabon Gari har Samaru ina ƙirga shingayen 'yan sanda da ta wuce jiya da buhun a kan cinya.

A wani gidan haya a Bomo na same ta da 'yan wasanta suna gwaji a tsakar gida. Wani dogon saurayi ya saita bindigar a ƙirjin abokinsa, yatsa a kan kunama, sauran suna dariya. Ban yi ihu ba, tsoro nake kada ya firgita. Na ce, "Malam, miƙo mini, bakinta ƙasa." Na ja sakata. Babu harsashi. Na ɗaga ta sama na leƙa, sai ga hasken rana ya ratso bututun har cikin idona.

"Alhaji lafiya? Ka jiƙe sharkaf," in ji ɗalibar.

Na gaya mata. Ta zauna a bakin rijiya.

Akwai wani mai saye da na san zai biya ninki goma ba tambaya. Ba zan ɓoye ba, ya zo mini a rai. Amma ban san hannun da za ta faɗa bayansa ba, kuma ba zan bari ta sake bin titin nan ba. Na kulle ta a ɗaki, na kira Baba Saje, muka nemo mai unguwa, mu uku muka je ofishin 'yan sanda hannu sake, muka ce su zo su ɗauka da kansu.

Jami'in da muka tarar ya dube ni.

"Kai ka ba yara bindiga haya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yarinyar ba ta san komai ba."

Na rubuta bayani. Kwana biyu na yi a wurinsu kafin su tabbatar da takardar sayen da makarantar ta ba ni.

Sun riƙe duka shidan, har matattun. Jarin wata huɗu ke nan. 'Yan wasan Samaru sun daina zuwa shagona, ban kuma ga laifinsu ba. Ɗalibar ta gama karatunta ba tare da sunanta ya shiga wani fayil ba, ba a kai ni kotu ba, babu wanda aka harba. A lissafina, da riba na fita.