Na Allah, Mai Bin Sawun Jan Mai

A da, kafin rana ta yi zafi a Mayahi, za ka tarar da Malam Na Allah zaune bakin garejinsa da rariya a hannu, yana tankaɗe toka. Baƙo sai ya ɗauka tsohon ya sake sana'a. Kowace safiya yakan kwaso tokar murhun gidansa, ya tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo, ya ajiye cikin gwangwani kusa da kayan aikinsa. Sannan ya bi motocin da suka kwana wurinsa, ya janyo farin buhun da ya shimfiɗa ƙarƙashin kowace, ya duba abin da ta ɗiga. Ƙasarmu rairayi ce. Mota sai ta daɗe tana yoyo, yashi na shanyewa, mai ita na ta yabonta. Na Allah bai yarda da yashi ba, bai kuma yarda da bakin direba ba.

Faɗa kuwa, Allah ya hore masa. Duk wanda ya ce masa "ɗan yoyo ne kawai" zai sha wa'azi har kunnensa ya yi zafi. Amma bai taɓa kwance bwat, wato akwatin giya, a kan zato ba. Sai ya ga inda mai ke fita da idonsa.

Bana ya ajiye aiki, baya ya ƙi, gwiwoyi sun bi sahu. Shi ya sa na ga bai kamata labarin da Kubra, ungozomar Issawane, ke bayarwa ya tsaya a bakinta ita kaɗai ba.

Wata kaka ce, shekarun baya, an gama yankan hatsi. Naƙuda ta yi wa Hassana, matar wani makiyayi, gardama, jini ya ɓalle. Kubra ta ce sai asibitin Mayahi. Aka sa ta a motar da ƴan garin mazauna waje suka saya don marasa lafiya, irin mai canja giya da kanta. Lurwanu direba ya ratsa gonaki don ya rage hanya, kamar yadda kowa ke yi in an ɗebe amfani. Kafin su kai Kanan Bakashe sai inji ya dinga kuka, tayoyi suka ƙi motsi. Babu wata mota kusa, kuma mace mai zubar jini ba a ɗora ta kan babur.

Lurwanu ya kira Na Allah a waya. "Baba, mota ta ƙi tahiya, ga mace kwance rai hannun Allah."

"Kashe injin, kada ka ƙone bwat! Mi ka gani ƙarƙashi?"

"Jan mai, Baba, kamar zoɓo."

"Ga ni nan tahe."

Ya ture kwanon abincin rana, ya ɗaure galan ɗin man bwat da gwangwanin toka bayan babur. Da isarsa ya zaro sandar awon mai, ta fito a bushe. Ya shinshina, bai ji ƙauri ba, ya yi hamdala, don bwat ɗin bai ƙone ba.

Kubra ta leƙo ta taga. "Malam, don Allah zuba man mu tahi!"

"Ɗiyata, in na zuba ban toshe ba, ƙasa zan shayar. Mu sake tsayawa gaba, ba ni da wani galan."

Ya shige ƙarƙashin mota. Ko'ina ya jiƙe, mai da yashi sun cuɗe, ba a gane inda yoyon ya faro. Ya goge da tsumma, ya barbaɗe wurin da toka har ya yi fari, ya sa Lurwanu ya zuba ɗan mai ya tayar da inji. Sai ya kwanta yana jira. Daidai saman kansa, ta bayan ƙarfe, yana jin nishin Hassana yana raguwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa ta gareji, amma bai kau da ido ba.

Can sai ga wani siririn jan layi yana tafiya cikin toka. Ya bi shi da yatsa. Ba daga gindin bwat ba ne, daga tiyon robar da ke kai mai gaba don ya huce ne. Kututturen karan hatsi ne ya soke shi, guntunsa ma na nan maƙale.

"Na kama ka, ɓarawo!" in ji Na Allah.

Ya yanke wurin da ya huje, ya haɗa bakunan biyu da guntun bututun ƙarfe, ya matse tam. Ya cika mai, ya sa Lurwanu ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya sake barbaɗa toka, ta tsaya fara tas. Mota ta zabura. Shi kuwa ya bi bayanta kan babur har Mayahi, idonsa na kan hanya ko zai ga ɗigo ja. Hassana ta rayu, ta haifi ƴa mace, aka sa mata Huda.

Ranar da ya miƙa gareji ga magadansa, wata mata ta zo riƙe da hannun yarinya, ta durƙusa ta gaishe shi. Bai gane ta ba, domin ran nan kunya ba ta bar shi ya dubi cikin motar ba. Ta tura yarinyar gabansa ta ce, "Baba, ni ce Hassana, ga Huda da ka kwanta ƙarƙashin mota dominta." Tsohon da ya cika gari da faɗa, sai ga shi yana hawaye.

Kai ne, Na Allah, kai ne mai haƙurin jiran toka ta yi magana alhali kowa na ce maka yi sauri. Kai ne ka san cewa gaggawar gaskiya ita ce gyaran da ba za a sake tsayawa ba. Mun gode, mun gode ƙwarai, Allah ya huta gajiyar bayan nan naka. Ku kuma matasan gareji, daga Mayahi har Tasawa, ku yi koyi da shi, ku nemo ramin kafin ku zuba mai. Huda bana ta shiga lakwal, wato makaranta, uwarta ce ta raka ta.