Na Ɓoye Wa Mai Magani Cikina

A lokacin ban daɗe da aure ba, kuma ni mace ce mai kunyar tsiya, wadda ko ruwa ba ta iya sha a gaban surukai. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gangara, sai 'yan bindiga suka tashe mu, muka koma Sabon Birni. Jikina ya tsira, amma hankalina bai biyo ni ba. Da na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi. A garin da babur ya fi kaji yawa, ku auna yadda nake wuni.

Surukata, Allah ya saka mata da alheri, ta ga ina ramewa, ta kai ni garin Isa wurin wata tsohuwa mai maganin gargajiya. Tsohuwar ta saurare ni da natsuwa, ta haɗa saiwoyi da sassaƙe na jiƙawa. Kafin ta ƙulle, sai ta tambaye ni ko ina da juna biyu, domin akwai wata saiwa a ciki da ba a ba mai ciki. Ina da shi kuwa, ƙarami, na fari, ko mijina ban faɗa wa ba. Ga uwar mijina zaune gwiwarta na taɓa tawa. A wurinmu wace yarinya ce ke buɗe baki ta faɗi cikin fari a gaban suruka? Na sunkuyar da kai na girgiza shi. A raina na ce ai itace ne kawai.

Na yi ta sha, kullum cikin fargaba, ina kuma jin kunyar ajiyewa tunda surukata ke jiƙa mini da hannunta. Wata safiya marata ta murɗa, jini ya ɓalle. Kafin a kai ni asibiti cikin ya zube. Tana kuka a bakin gadona, surukata ta ce ta lura tun tuni, amma da ta ga na musa, ita ma nauyin ƙaryata ni a gaban tsohuwar ya hana ta magana.

'Yan uwana mata, faɗuwar gaba ciwo ne, ku nemi magani, na gida ko na asibiti. Amma duk wanda zai ba ku abin sha, ku faɗa masa gaskiyar jikinku, ko da a kunne ne. Mu biyu muka san da yaron nan, mu biyu muka yi shiru.