Tawul a Hannun Baba

Babanmu wankin kwanuka yake yi a kicin ɗin wani otal, shekara goma sha ɗaya hannunsa na cikin ruwan kumfa. Ko ƙwayar shinkafa bai taɓa ɗaukowa daga can ba. Da ido ya yi tasa satar: yadda babban kuku ke yanka albasa siriri har ka hango yatsa ta ciki, da yadda ake ɗora ɗan abinci a tsakiyar faffaɗan faranti ya zama abin kallo.

Da mahaifiyarmu ta rasu muka rage mu uku, ni da Auta da shi, a ɗaki ɗaya da ɗan kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita da baya. Albashinsa kuwa tun tsakiyar wata yake fara haki. Sai Baba ya mayar da ɗakinmu otal.

Ba ya shiga kasuwa sai masu kayan miya sun fara tattara buhuna. Tumatirin da ya fashe, karas ɗin da ya karkace, kan kifin da ba mai so, duk nasa ne a arha. Mai tumatir har tsiya take masa, "Ga mai kwasar marasa lafiya ya iso." Ya ce, "Ai asibitinsu na gidana." Gindin kabeji da ɓawon albasa ma ba ya zubarwa, tafasa su yake da ƙashi su ba da romo.

Har yau in na rufe ido ina ganin yammacin nan. Rana ta leƙo ta taga ta kwanta a kan teburin da ya shimfiɗa wa tsohon zanen mamarmu, tururi na tashi a hankali cikin hasken. Sai ya fito da farin tawul saɓe a hannu, ya rusuna.

"Ranku ya daɗe, 'yan mata, a kawo na farko?"

Na farkon romo ne mai zafi, kofi bibbiyu. Muna kurɓa yana ba mu labarin zauren otal, fitilu na reto a sama, cokula na ƙara a hankali, har mu manta da bangonmu da ya tsage. Kafin shinkafa ta iso, cikinmu ya yi rabi. Sai da na girma na gane amfanin romon nan. Shi kuwa kullum a tsaye yake. In muka ce ya zauna sai ya ce, "Ma'aikaci ba ya zama da baƙi. Nawa na kicin."

Goggo, yayarsa, ba ta taɓa yarda da wannan zama ba. Ta sha faɗa masa, "Ranar da na ga ƙashin wuyan Auta ya fito, da ita zan tafi." Kuma Goggo ba ta faɗin magana ta janye. Ana saura kwana biyu wata ya ƙare ta faɗo mana ba sanarwa, riƙe da jakar da ba komai a ciki. Na san jakar ta kwashe kayan Auta ce. Abin da ya rage a gidan shinkafa kofi ɗaya, ƙwai biyu, da rabin kabeji.

Baba ko a jikinsa. Ya kaɗa ƙwan da ɗan ruwa har ya tashi, ya soya, ya yanka siriri, ya jera faranti uku kamar a hoto. Goggo ta sha romo, ta matsa damtsen Auta, ta leƙa wuyanta. Ta ci rabin shinkafarta, sai ta miƙe wai za ta ɗauko gishiri. Baba ya yi wuf zai tare ƙofar kicin, ta ture shi ta shige.

Can ta fito da tukunya a hannu, wankakkiya tas.

"Ina naka?"

"Na ci a wurin aiki, Yaya."

Auta ta ɗago da shinkafa a baki. "Baba, ai yau hutunka ne."

Goggo ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa. Ta zare tawul ɗin daga hannunsa, sai ga tsintsiyar hannun da yake rufewa, ba ta fi tawa kauri ba. Kunya ta kama ni, da tausayin da ban san inda zan ajiye shi ba.

"Ni na zo duba wuyan yarinya," in ji Goggo, "ashe wanda ya kamata in tafi da shi daban ne."

Ta saɓa tawul ɗin a nata hannun, ta danna Baba a kujera, ta tura masa farantinta. Ni da Auta muka ƙara masa daga namu.

"Ranka ya daɗe, ci," in ji ta.

Jakar ta koma yadda ta zo, bayan mako ta dawo cike da wake. Amma ba waken nake tunawa ba. Shekara uku yana ciyar da mu a teburin nan, sai ran nan na fara ganin yadda babanmu ke tauna.