Inna Kyandir, Mai Tsayar da Nama

Ƙarfe bakwai na safe ba ya samunta a hanya. Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ta riga ta shige ɗakinta na ƙarshen gini, bayan wurin wanki, ta kunna tukunyar narkar da kaki, ta zura farar riga, ta goge tabarau. Warin kakin nan da ba ya barin jikinta shi ya sa ma'aikata ke kiranta Inna Kyandir. Shekara talatin da ɗaya ke nan, ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, amma cikin dubban marasa lafiyan da ta yi wa aiki, da wuya a sami goma da suka san fuskarta.

In likita ya zura tiyo mai kyamara ta bakin mutum, ya tsinko ɗan nama daga maƙoshi ko tumbi, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, wurinta ake kawo shi a kwalba. Ita ke binne shi cikin narkakken kaki. In ya daskare ta sa inji ya fere shi siriri, har ya fi ɓawon albasa rashin kauri, ta ɗora a gilashi, ta rina. Daga nan likitan duba nama ya sa a madubin ƙara girman abu, ya faɗi ko lafiya ko ciwon daji.

Dokarta ɗaya ce: nama a tsaye ake binne shi, a kan gefensa. Ta kan ce fatar cikin maƙoshi hawa-hawa take, kamar tabarmin da aka jibge, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani siririn layi. Daji shi ne ya keta layin nan ya yi ƙasa. In aka yanka nama a kwance, hawan sai su tarwatse, lafiyayye ma ya yi kama da wanda ya keta.

Shekara biyu da suka wuce ta ɗauki hutun mako guda, 'yarta ta haihu. A makon aka kawo naman wani tela da haɗiya ta gagara, wani ya yanka, sabon likita ya duba ya rubuta daji. Ran Litinin da ta dawo, tana jera gilasan da aka yi a bayanta, ta ɗaga ɗaya ta tsaya. Ta leƙa madubi, ta nufi ofishin likita.

"Likita, wa ya yanka wannan?"

"Inna, ke da kika tafi renon jika? An dai yanka. Ga shi nan ƙuru-ƙuru ya keta. Ran Alhamis za a yanke masa rabin maƙoshi."

"Ɗana, karatun naka ne, ban taɓa maka shi ba. Amma yanka nawa ne. Wannan a kwance aka binne shi. Ko ni aka yanka a kwance, daji za ka rubuta min. Bari in sake binne shi a tsaye."

Likita ya yi dariya, sannan ya gimtse. "Abin da ya rage a kakin bai fi kan allura ba. In ya lalace fa?"

"In ya lalace, ka rubuta sunana."

Ta koma ta rufe ƙofa, ta kashe fanka don kada iska ta kwashe shi. Ta narkar da kakin, ta sa hantsaki ta ɗago ɗan naman, ta tsayar da shi, tana riƙe da numfashi har ya daskare. Yanka uku kacal ya bayar. Ran Laraba da hantsi likita ya daɗe a kan madubi kafin ya ɗago.

"Layin nan ko motsi bai yi ba. Ƙuna ce kawai ta ruwan tsamin ciki. Inna, kin ba ni kunya."

"Kunyarka ta fi wuƙa a ƙirjin bawan Allah sauƙi. Tashi ka kira masu tiyata."

Telan nan mahaifina ne. Magani aka ba shi na wata uku, yau ga shi yana cin abinci yana ƙorafin gishiri ya yi kaɗan. Da wata nas ba ta ba mu labari ba, da har gobe ba mu san akwai wata Inna a bayan wurin wanki ba. Ya ɗinka mata farar riga ya kai mata da kansa. Ta juya ta, ta duba ɗinkin, ta ce, "Malam tela, aljihun ya karkace." Ya ce, "A kwance na yanka shi."

Inna, ke ce mai ido bayan ido. Ke ce kika ga aikin da ba naki ba, aka riga aka sa masa hannu, kika ƙi kau da kai. Ni ban yi nisa a karatu ba, ban iya zama wuri ɗaya ba, amma na gane abin da zamanki a kujera ɗaya ya tsare mana. Mun gode. Allah ya sa hutun nan ya karɓe ki, ya ba jikokinki masu tsaya musu kamar yadda kika tsaya mana.

Ku kuma da za ku gaji kujerarta, da mu masu sauran sana'o'i, mu koyi wannan: ɗan abin da ke hannunka, ran wani ne. Ka tsayar da shi daidai kafin ka yanka.