Ramin da na toshe a siton Kawu

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, lokacin ina fara sana'ar saka na'urar tsaro a shaguna a Kano, irin wadda in an buɗe ƙofa ko wani abu ya motsa sai ta turo saƙo cikin guruf a waya. Kawuna da ke Maruta ya kira ni in saka masa a tsohon sitonsa na riɗi da gero. Na je na saka, na haɗa ta da guruf ɗin gidansu, da na zo jan waya sai na ga wani ɗan rami a bangon gabas, na ce yauwa an hutar da ni, na zura wayar ta ciki na toshe da siminti, na kama hanyar Birnin Kudu na koma gida.

Juma'a ta farko, rana tsaka, saƙo ya shigo: motsi a cikin sito. Ta biyu ma haka, kuma daidai lokacin da maza suka watse zuwa masallaci. To makulli biyu ne, ɗaya gun Kawu, ɗaya gun ƙaninsa Malam Idi, shi kuma ƙafa ta hana shi zuwa masallaci a lokacin. Nan fa magana ta lalace. Kawu ya rubuta a guruf, gaban 'ya'ya da surukai, wai ɓeran gida ya fi na daji ɓarna. Malam Idi ya ce in dai sata ake nufi, zai kwashe iyalinsa ya bar gidan gado.

Na ce Kawu a yi haƙuri, na'urar ba ta ce an buɗe ƙofa ba. Ya ce, "To ɗan Kano, riɗin ne yake rawa?" Sai na ce Juma'a mai zuwa a kulle ni a ciki, ni dai matafiyi ne, Juma'a ba ta wajaba a kaina ba, shi Kawu ya tafi da makullan duka biyu.

Haka aka yi. Na zauna kan buhu a bayan na'urar, inda ba ta ganina, ko yatsa ban ɗaga ba. Gari ya yi tsit. Can sai waya ta girgiza a hannuna: motsi a cikin sito. Na duba ko'ina, ba ɓera, ba ƙadangare. Sai na ji ƙarar ruwa. Ruwa fa, a siton da ko ɗigo babu! Kamar mutum na alwala, har da kurkure baki. Innalillahi. Sai taku a hankali kan riɗin da ya zube, ina ganin ƙwayoyin suna lotsawa, har zuwa bangon gabas, aka fara karce simintina da farce.

Matar Kawu ta turo a guruf, "Kai ne ke motsi?" Da ƙyar na rubuta, "Ba ni ba ne, Hajiya." Aka yi ta karta har aka idar da sallah, sannan aka saki wata doguwar ajiyar zuciya, dab da kunnena.

Da Kawu ya buɗe, na faɗa musu abin da na ji. Kakarmu Inna Kande, tsohuwar da ko waya ba ta riƙewa, ta leƙa ta ga bangon, ta ce, "Wa ya toshe nan? Tun kakanku ake barinsa a buɗe. Ka hana bawan Allah zuwa Juma'a." Na ce wane bawan Allah, Inna? Ta ce in fasa kawai, ban da surutu.

Na fasa simintin. Kawu ya je har ɗaki ya durƙusa ya ba ƙaninsa haƙuri, Malam Idi ya fasa tashi. Daga nan saƙon ya koma biyu duk Juma'a, ɗaya kafin sallah, ɗaya bayan an sauko, har aka saba.

Ban da wata Juma'a da na kai musu ziyara na juyo Kano. Saƙon fitarsa ya shigo, na dawowarsa bai shigo ba, har yau. Washegari na buɗe shagona, na tarar da dandamalin bakin ƙofa a jiƙe, ta ciki, kamar an yi alwala.

Don haka 'yan uwa masu irin sana'ata, in kun ga rami a bangon tsohon gini, ku nemi tsohuwar gidan ku tambaya kafin ku kwaɓa siminti. Ni dai yanzu duk Juma'a sai na ɗan bar tagar shago a buɗe.