Hoton Mai Gyaran Takalmi

Yayana mai walda ne. Shekara ashirin da shida yana ƙera kekunan guragu a wata rumfa bayan tashar mota. Sanyin halinsa ya daɗe yana ƙona min rai. Ranar da mai filin ya ba shi kwana ashirin ya kwashe kayansa, cewa kawai ya yi, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ni aikina buga takardu a kwamfuta. Na ce, "Yaya, 'yan jarida za mu nema. Mu haɗa musu ambulan, labarinka a shafi ɗaya, da hotuna, da lambar waya."

Ya zauna yana faɗa ina bugawa. Shafi biyu cur gaisuwa da godiya, har mai filin sai da ya samu rabonsa! Na goge tas, na fara da maganar korar. Hotunan da ya miƙo min kuwa, kekuna ne zalla, ba kowa a kai.

Gidan jarida huɗu na kai ambulan ɗin. Uku ko uffan. A na huɗu, editar ta jujjuya hotunan ta taɓe baki.

"Malama, ƙarfe ba ya sayar da jarida. Ina mutanen?"

Na san inda mutanen suke. Kafin Yaya ya ƙera wa mutum keke, yakan ɗauki hotonsa a zaune a ƙasa, kusa da tef ɗin awo, don ya san tsayin kujera da inda hannu zai kai. A gwangwani yake adana su, kuma yakan yi wa kowa alkawarin ba mai gani. Na zari na mai gyaran takalmin bakin kasuwa na kai mata, ban shawarci kowa ba.

Rabin shafi suka ba hoton, da manyan baƙaƙe: "Mai Rarrafe". Maganar rumfa kuwa layi uku a can ƙasa. Na kira editar ina huci, ta ce, "Ba hankalin jama'a kike so a jawo ba? Ai ga shi an jawo." Har yau in na tuna muryarta sai zuciyata ta tafasa, duk da na san da hannuna na miƙa mata wuƙar.

Washegari mai filin ya ji kunyar duniya, ya aiko cewa Yaya ya yi zamansa. Ana cikin haka mai gyaran takalmi ya iso, ya ja birkin keken da Yaya ya ƙera masa a bakin rumfa.

"Surukaina ne suka kawo min jaridar har gida," in ji shi. "Malam, ka ce ba mai gani."

Ya sauko daga keken, ya zura silifa a hannuwansa, ya tsallaka titi da rarrafe.

Yaya bai tambayi wanda ya buɗe gwangwanin ba. Ya daɗe yana kallon keken, sannan ya juyo gare ni.

"To, ƙanwata, kin ceci rumfa. Yanzu wa zai ƙara zama a ƙasa in auna shi?"